Tambaya da Amsa: Shin ƙaramin kan jirgin ƙasa mai araha yana ƙarko?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 13 ya ƙwallafa rai a kan jiragen ƙasa tun da muka fara bin jirgin Rigasa zuwa Abuja. Na saya masa na batir a kasuwa, bai yi wata biyu ba ya tsaya cak. Yanzu ƙanina da ke karatu a Ingila ya ce zai taho masa da irin wanda ke shan wutar lantarki ta layinsa, amma ya ce kan jirgin kashi biyu ne, akwai mai araha, akwai wanda ya ninka shi kuɗi. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Shin mai arahar yana ƙarko, ko kuwa in haƙura sai na tara kuɗin mai tsadar? Daga wani mahaifi, Unguwar Dosa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya raya yaron, ya yi masa albarka. Malam, shawarata ita ce a sayo mai arahar, muddin na kamfanin da aka sani da wannan sana'a ne, domin shi ya fi dacewa da wanda zai fara.

Wanda ka saya a kasuwa kayan wasa ne, an manne jikinsa da gam, ƙafafunsa da haƙoran giyarsa duk roba ce mai laushi, kuma ba a yi shi don a buɗe a gyara ba. Wanda ƙaninka yake magana kuwa kwaikwayon jirgin gaske ne bisa ma'auni. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda ake rage komai sau 87, don haka faɗin layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, wato milimita 1,435, yakan koma milimita 16.5. A Ingila sun fi amfani da OO, wanda jikinsa ya ɗan fi girma saboda sau 76 aka rage shi, amma layinsu ɗaya da HO. Wuta, wadda ba ta cika wuce bolt 12 ba, tana bi ta ƙarafan layin ta shiga ƙafafun jirgin ta kai ga moto.

Kamfanoni irin su Hornby na Ingila da Piko na Jamus suna da rukunin kaya masu sauƙin kuɗi, na Hornby ana kiransa Railroad, na Piko kuma Hobby. Mafi yawan ragin da suke yi a ado ne: maimakon a ɗaura ƙarafan kamawa da bututai ɗaya bayan ɗaya, sai a zuba su haɗe da jikin, a rage fenti da ƙananan rubuce-rubuce, a kuma yi amfani da tsofaffin mazubai da aka daɗe da fanshe kuɗinsu. Wasu jiragen dizal na Railroad ma daga mazuban kamfanin Lima na Italiya suka fito, wanda Hornby ya saya a 2004. Ga yaro ɗan shekara 13 wannan riba ce, domin mai tsadar cike yake da tarkace sirara waɗanda ɗauka ɗaya da hannun da bai saba ba ta isa ta karya su.

Inda ya kamata ƙaninka ya sa ido shi ne ƙarƙashin jirgin, saboda wani lokaci ragin yakan kai har can. Ya tambayi mai shago ƙafafu nawa ne suke ɗaukar wuta daga layi. Ƙaramin kai mai ƙafa huɗu, irin wanda ake yawan sakawa a akwatin masu farawa, yana da saurin tsayawa a mararrabar layi ko inda datti ya taru, domin da ƙafa ɗaya ta rasa wuta shi ke nan, kuma da yawansu ba su iya tafiya a hankali ba, sai dai su zabura. Wanda ya fi shi kyau shi ne kan dizal mai ƙafa takwas ko goma sha biyu, mai moto a tsakiya da ke juya ƙafafun gaba da na baya, da dunƙulen ƙarfe a jikin sandar moton wanda ke ci gaba da juyawa ko wuta ta ɗan katse. Idan aka ɗaga shi aka ji nauyi, alama ce mai kyau, don nauyin ne ke sa ya kama layi ya ja taragu. Wasu masu arahar ana sa musu siririyar roba a ƙafa a madadin nauyi, kuma robar nan takan bushe ko ta saki idan ta daɗe, balle a zafi irin namu, saboda haka ya sayo ƙari ya haɗo da su. Ina ganin a bar mai kamar jirgin kwal sai nan gaba, duk da kyaunsa, domin sandunan da ke gefen ƙafafunsa suna lanƙwashewa.

Kafin ƙaninka ya baro Ingila ya shimfiɗa layin ya kunna jirgin a matsakaicin gudu, kamar rabin awa gaba, rabin awa baya. Aibin da aka fito da shi daga masana'anta a nan yake bayyana, kuma mayar da kaya shago daga can ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan mayar da shi daga Kaduna. Ya kuma kiyaye kada ya haɗo da kayan HO na kamfanin Märklin na Jamus, don tsarin wutarsu daban ne.

Idan jirgin ya iso, abin da ya fi yi masa barazana a garin nan ƙura ce. A lokacin hunturu, idan ka shafa yatsa a kan layin da ya kwana a buɗe za ka ga ya fito da baƙi, kuma wannan dattin ne ke daskarewa a ƙafafu har jirgi ya fara tafiya yana tsayawa, mai shi ya zaci moto ne ya mutu. Tsumma mai tsabta da ɗan sifirit sun isa goge layi da ƙafafu. Kada a kankare da sanfefa, domin zanen da take bari shi ke ƙara riƙe datti. A kafa layin a kan faffaɗan katako, a guji kafet saboda zarensa yana naɗewa a cikin giya, a rufe da zane idan an gama. Man da ake ɗiga wa giya kuwa, ɗigo ɗaya a bakin allura ya wadatar, kuma wanda aka rubuta cewa ba ya cin roba, ban da baƙin man mota. Wutar Ingila da fuloginta sun dace da namu, amma a jona ta sitabilaiza, musamman idan da janareto ake aiki.

Tambaya: Na sayi kan jirgi na gwanjo tare da taransifomarsa, an ce daga Amurka ya zo. Na gwada shi da wutar wani abokina, yana tafiya amma yana ƙara ƙas-ƙas yana fizga. Zai gyaru? Daga wata malamar makaranta, Barnawa.

Amsa: Malama, kada ki jona taransifomar nan kai tsaye sai kin karanta rubutun jikinta. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu 230, kuma idan ba a rubuta cewa tana ɗaukar duka biyun ba, nan take za ta ƙone. Ƙarar da ke maimaituwa duk zagayen ƙafa yawanci alama ce cewa ɗaya daga giyoyin roba da ke kan sandar ƙafafu ta tsage, abin da aka saba gani a tsofaffin jirage. Mai gyaran agogo zai iya buɗe murfin ƙasa ya gano ta, kuma ana samun madadinta idan aka san sunan kamfanin da lambar jirgin. Amma idan kika ga ƙarfen gindin ya kumbura ko yana marmashewa, ƙarfen ne ya lalace tun daga haɗinsa, kuma wannan ba ya gyaruwa sai an sauya gindin gaba ɗaya.