Ki faɗa, amma ki zaɓi kunnen da zai ji

'Yar'uwa, kin ce tun da mahaifiyarki ta rasu addu'a ta yi miki nauyi, kuma kina tsoron faɗa a taron zumunta kada a ce bangaskiyarki ta yi sanyi, ko ki sa sababbin tuba tuntuɓe. Shawarata ita ce ki faɗa. Ni ma na bi ta nan.

Lokacin da muka rasa ɗanmu na fari, wata takwas na yi ina jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki, alhali in na keɓe ni kaɗai ko Addu'ar Ubangiji ba na iya kaiwa ƙarshenta. Kowa ya tambaye ni sai in ce mun gode Allah. Wata rana bayan sujada muna tattara kujeru, wani dattijon ikilisiya ya dube ni ya ce, "Ɗana, bakinka na godiya, amma labarin zuciya a tambayi fuska." Na ce, "Baba, fushi nake yi da Allah." Ina jiran ya jawo mini aya, sai ya rufe Littafin da ke hannunsa, ya cire tabarau, ya ja kujera ya zauna. Ya ce shi ma shekara biyu ya yi a wannan hali bayan rasuwar matarsa. Mun fi awa ɗaya a wurin, kuma bai yi mini wa'azi ba. Daren nan na yi addu'a, rabinta kuka ne.

Daga baya na lura Nassi bai taɓa rufa wa irinmu asiri ba. Toma ya faɗa a gaban sauran almajirai cewa ba zai gaskata Yesu ya tashi daga matattu ba sai ya ga gurbin ƙusoshi a hannuwansa, kuma bayan kwana takwas yana nan tare da su, ba su kore shi ba (Yahaya 20). Uban wani yaro mai aljani, a Markus 9:24, a numfashi ɗaya ya ce ya ba da gaskiya, ya kuma roƙi a taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu kuwa ya warkar masa da ɗa. Zabura 88 da duhu ta ƙare. Abokan Ayuba ma, a ganina, kwana bakwai ɗin da suka zauna shiru tare da shi ne alherinsu mafi girma. Da suka buɗe baki suna nema masa laifi sai suka ɓata.

Yakubu 5:16 ya haɗa furta wa juna laifi da yi wa juna addu'a da warkewa. Haka John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, ya gane. Tun 1742 a Ingila ya rarraba mabiyansa ƙungiya-ƙungiya, mutum kamar 12, suna haɗuwa kowane mako ana tambayar kowa halin da ransa ke ciki.

Sai dai ki kula. Na taɓa buɗe cikina ga wani ɗan'uwa, kafin mako ya zagayo maganata ta zama "batun addu'a" a bakin mutane da yawa. Ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau ina jin zafinsa. Don haka kada ki fara da babban taro. Nemi mutum ɗaya ko biyu da kika taɓa ji sun faɗi nasu rauni da bakinsu, waɗanda ba ki taɓa jin asirin wani daga gare su ba.

Batun sababbin tuba kuwa, da na faɗa wa ajinmu abin da ya same ni, wani saurayi da bai cika wata shida da baftisma ba ya tsaya bayan an tashi. Ya ce ya riga ya yanke shawarar daina zuwa, don yana zaton shi kaɗai ne ke addu'a ya ji kamar ba mai saurare. Har yanzu yana zuwa. Zan sa ki a addu'ata yau da dare, ke da sauran iyalinku.