Giya ce ajalin mahaifinmu, ƙanena kuma ya ce shi ba ta bugar da shi

Tambaya: Likita, giya ce ta lalata hantar mahaifinmu har ya rasu. Ƙanena ya fara sha tun yana ɗan shekara 14, yanzu shekararsa 20. In na yi masa faɗa sai ya ce shi ba irin Baba ba ne, ko kwalba biyar ya sha ba ta juya masa kai. In kwantar da hankalina?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, 'yar'uwa. Amma hankali bai kamata ya kwanta ba tukuna.

Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin jarabar giya gado ne, kuma 'ya'yan mashaya sun ninka sauran mutane haɗari sau uku zuwa huɗu. Wanda ya fara sha kafin shekara 15 ya fi wanda ya jira har ya girma saurin faɗawa. Ciwon damuwa, fargaba, wahalar ƙuruciya da abokan sha duk suna ƙara wa wutar itace.

Maganar "ba ta bugar da ni" kuwa, kullum sai na ji ta a ɗakin duba marasa lafiya, har na gaji da ita. Ana faɗinta da alfahari, alhali ita ce alamar da ta fi ba ni tsoro. Dakta Marc Schuckit na jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ya bi diddigin ɗaruruwan samari shekaru da yawa, ya gano cewa waɗanda giya ba ta saurin kamawa suna kusan shekara 20 su ne suka fi zama bayinta daga baya, musamman 'ya'yan mashaya. Wanda kofi biyu ke sa shi jiri, jikinsa ne ke taka masa birki. Ƙaninki ba shi da wannan birkin. Sai ya sha biyar kafin ya ji abin da abokinsa ya ji da biyu, hantarsa kuwa duka biyar ɗin take tacewa, ko ya bugu ko bai bugu ba.

Kuma don Allah ki rabu da masu sayar da garin da ake barbaɗa wa mashayi a abinci a ɓoye. Yaudara ce, wani ma guba ne. In har kullum yake sha, in ya kwana bai sha ba hannunsa na rawa yana zufa, kada a tilasta masa dainawa lokaci guda a gida, domin hakan kan jawo farfaɗiya da ruɗewar hankali cikin kwana biyu zuwa uku, har ya kai ga mutuwa. Ki samu ranar da bai sha ba, ki lallaɓa shi ku je wurin likitan ƙwaƙwalwa, a duba hantarsa tun yanzu.