Na'urar da Yaya ya bari

Ɗana, saƙonka ya same ni tun daren Talata, na bari sai da na natsu. Ka ce kana so ka ɗauki na'urar naɗar shirye-shirye ta mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ka kai shago a juye tafsirin azumi da hawan sallar da ya tara a cikinta zuwa faifai, ka raba ranar sadakar arba'in. Kana tambaya ko hakan ya dace tunda ba a yi rabon gado ba.

Wallahi niyyarka ta sanyaya mini zuciya. Amma kada ka fitar da ita daga gidan tukuna.

Daga ranar da mutum ya cika, komai nasa ya koma na magada, har carbinsa da butarsa. Shi ya sa ka ga na kulle ɗakin Yaya bayan sadakar uku, ba don ina zargin kowa ba. Tsarin a bayyane yake: a biya bashi, a fitar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. Iyayenku mata biyu suna da tumuni a tsakaninsu, ƙannenka mata suna da nasu kason, ga kuma yara biyu da ba su balaga ba. Ko kuɗin na'urar bai kai na tunkiya ba, kowannensu yana da haƙƙi a jikinta. Na san gidan da rediyo ɗaya ta hana 'yan uba gaisawa shekara da shekaru, don kawai wani ya ɗauka bai ce wa kowa komai ba.

Juye abin da ke ciki ba ya rage ta da komai, saboda haka izini kawai kake bukata. Fara da babban wanku. Daga nan ka shiga cikin gida, kuma ka fara da ɗakin Hajiya Babba kafin na mahaifiyarka, don a irin wannan lokaci ana lura da ƙofar da yaro ya fara shiga. Suna cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, zukatansu ɗanyu ne. Shekara nawa suna jin muryar malamin nan tana tashi daga falon Yaya bayan asham? In ka kunna ta kwatsam ba ka sanar da su ba, kuka za ka tayar a gidan. Ka durƙusa ka gaishe su, ka faɗi abin da kake nufi, ka saurari abin da za su ce.

Batun aikin kuwa, ka san na daɗe ina sayar da kaset da faifai a Ƙofar Wambai, to ji nan. Kira mai aikin ya zo gida ya yi a gabanka. Na'urar nan dikodar biyan kuɗin wata ce, abin da ta naɗa a kulle yake, ko an buɗe ta an ciro ma'ajiyar an haɗa da kwamfuta ba zai kunnu ba, kuma ana iya lalata komai. Kada ka yarda a kwance ta. Hanyar ita ce a kunna shirin, a ja shi ta wayoyin nan uku, rawaya ta hoto, ja da fara na sauti, zuwa na'urar naɗar DVD ko kwamfuta. Shirin awa ɗaya zai ci awa ɗaya cur, don haka ka tanadi man janareto, in wuta ta ɗauke a tsakiya faifan ya tafi.

Faifan DVD ɗaya gig 4.7 yake ɗauka, wajen awa biyu ke nan in ana son hoto mai kyau. Za su ce maka ana iya cusa awa huɗu ko shida. Ga tafsiri ba laifi, murya ake nema. Amma hawan salla kada a matse shi, don da dawakai sun zaburo hoton zai farfashe. Akwai Hawan Daushe na zamanin Sarki Ado Bayero a ciki, wanda ya hau mulki a 1963 ya rasu a Yunin 2014. Yaya yana ji da wannan ƙwarai, duk sanda na je sai ya tsayar da hoton ya nuna mini hakimai ɗaya bayan ɗaya. Wannan a yi masa faifansa daban.

In an gama kowane faifai a rufe shi, wato a sa na'urar naɗar ta kulle naɗin yadda ba za a ƙara komai a kai ba, in ba haka ba wata na'urar ba za ta karanta ba. Gwada shi a gidan maƙwabci kafin ka sallami mai aiki. Rubuta suna da alƙalamin maka mai taushi, ban da biro, ka ajiye nesa da rana. Ka sa a zuba maka kwafi a filash ma, don gidaje da yawa yanzu ba mai kunna faifai, a waya ake kallo. Kuma kada a goge komai daga na'urar, duk wanda ta faɗa rabonsa ya same ta yadda Yaya ya bar ta.

Kowane ɗaki ya samu nasa kwafin kafin na waje, har yayyenka da ke gidajen aure. Dangi da maƙwabta a ba su kyauta. Kada ka sayar ko ɗaya, aikin gidan talabijin ne da na malamin, mu naɗa kawai muka yi.

Ranar arba'in kuma kada ta matsa maka. Malamai ma sun saɓa a kan taron, kuma zaman tafsiri na wata guda ba ya juyuwa cikin kwanakin da suka rage sai an yi gaggawar da za ta ɓata aikin. In bai kammala ba, a raba farkon azumi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan zo da makullin, mu shiga wajen Hajiya tare. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara.