Amsa: A ina ake shan sigari a filin jirgi?

Alhaji, ka ce daga Maraɗi za ka je Yamai ka hau jirgin Umara, kana tambayar inda za ka sha sigari. A filin jirgin Diori Hamani, sha taka a waje tun kafin ka shiga layin bincike. Dokar Nijar ta 2006 ta hana shan taba a rufaffen wurin jama'a, kuma in ka wuce bincike, komawa waje wahala ce.

Birike, wato abin kunna sigari, guda ɗaya kawai, a aljihunka. Kada ka sa shi cikin akwatin da za a auna, don gas ne da shi. In na'ura ta gano, sai a buɗe kayanka. Sigarin lantarki ma haka, jakar hannu, saboda batirinsa na iya kama wuta a ɗakin kaya inda ba mai gani.

Cikin jirgi kuwa, ko a banɗaki kar ka gwada. Akwai na'urar jin hayaƙi a rufi, kuma ma'aikata na iya miƙa ka ga ƴan sanda da kun sauka.

A Jidda, nemi ɗakin da aka ware mai alamar sigari. In ka sha a wani wurin, tara ce.