Tambaya da Amsa: Me Zan Tambaya a Ƙaramin Gidan Abincin Asiya na Haɗe-haɗe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a birnin Manchesta na ƙasar Ingila. Abokan karatuna sun saba zuwa wani ƙaramin gidan abinci da teburansa ba su wuce goma ba, an rubuta a ƙofarsa cewa suna sayar da abincin bakin titi na ƙasashen Asiya a haɗe. Ranar da na bi su na tarar da sunayen da ban taɓa ji ba, irin su ramen, bao, gyoza, pad thai, laksa, katsu da satay. Na tambayi mai kawo abinci ko kazarsu ta halal ce, ya ce e, sai na ci ramen na kaza. Daga baya wani ya ce mini tambayar da na yi ba ta wadatar ba. Wane irin abinci ne wannan, kuma me ya kamata in tambaya kafin in koma?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wanda ya gaya maka haka bai yi kuskure ba, domin a irin wannan girki naman da ke saman kwano shi ne mafi sauƙin tantancewa, abin da ke buƙatar bincike kuwa yana cikin romo da miya da man suya, inda ido ba ya kaiwa.

Sunayen da ka lissafa ba 'yan gida ɗaya ba ne. Ramen da gyoza da katsu na Japan ne, ko da yake biyun farko asalinsu daga Sin suka shiga can. Bao, wato burodin da ake turarawa a cusa masa nama, na lardin Fujiyan na ƙasar Sin da tsibirin Taiwan ne. Pad thai na Tailan. Laksa na Malesiya da Singafo. Satay kuma na Indunusiya da maƙwabtanta. A garuruwansu na asali mai sana'a yakan riƙe abu ɗaya ko biyu ne har ya tsufa a kai, kamar yadda ba ka zuwa wurin mai tsire ka nemi waina. A Singafo gwamnati ta kwashe masu tallar bakin titi a shekarun 1970 ta zuba su a rumfunan da ta gina musu, a 2016 biyu daga cikinsu suka sami tauraron Michelin, lambar yabo da ake ba gidajen abincin da suka yi fice, a 2020 kuma hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Shagon da kuka je ya tattaro sana'ar mutum bakwai ne ya ɗora wa kuku ɗaya ko biyu, sannan ya ba su damar sauya ta yadda suka ga dama. Ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba, domin abincin Asiya kansa haɗe-haɗe ne tun fil azal: barkonon da Tailan ke tinƙaho da shi 'yan kasuwar Fotugal ne suka kai shi yankin a ƙarni na 16, miyar kori ta Japan kuwa ta hannun Turawan Birtaniya ta isa can a ƙarni na 19. Sai dai abin da haɗin yake jawo maka shi ne sunan abinci ba ya tabbatar da abin da ke cikinsa, ko da ka taɓa cin mai wannan suna a wani wuri.

Mu fara da romo, tunda ramen ka ci, wato taliya a cikin romo. Mafi shaharar romon ramen a Birtaniya shi ne wanda ake kira tonkotsu, wato ƙashin alade da ake tafasawa awanni da yawa har ruwan ya yi fari kamar madara, ya yi kauri yana kama leɓe. Akwai romon kaza zalla da shi ma yake yin fari, don haka launi kaɗai ba hujja ba ne. Damuwar ita ce ƙaramar madafa ba ta da filin ajiye manyan tukwane huɗu a kan wuta. Na taɓa tsayawa a madafar wani irin wannan shago a Landan ina kallon kuku yana aiki: babbar tukunya ɗaya ce a lungu, ludayi ɗaya, daga ita yake ɗiba ya zuba wa ramen na kaza, ya zuba wa na naman sa, har ya tsiyaya kaɗan a kasko idan taliya ta fara kamawa. Kazar ta halal ce, kwalinta ma yana nan da tambari, amma ƙashin da ke cikin tukunyar gauraye ne na kaza da na alade. Ba yaudara yake yi ba, shi dai a fahimtarsa tambayar halal tambaya ce a kan nama. Saboda haka ka tambaya kai tsaye da ƙashin me aka dafa romon, kuma ko tukunya ɗaya ce ta kowa.

Akwai kalmomin da ya kamata idonka ya saba da su. A sunayen abincin Japan ton na nufin alade, shi ya sa tonkatsu, wato katsun da aka fi sani a Japan, soyayyen naman alade ne da aka barbaɗe da garin burodi, ko da yake a Ingila an fi yin katsu da kaza. Chashu da char siu duk naman alade ne idan ba a faɗi wani nama ba. Gyoza na gargajiya, wato ɗan ƙullin fulawa da ake naɗewa, da niƙaƙƙen naman alade da kabeji ake cusa shi, bao na gargajiya kuma da naman cikin alade mai kitse, wasu ma sukan sa kitsen a cikin ƙullun.

Abu na biyu shi ne giyar girki, wadda ta fi alade ɓuya. Mutanen Japan suna zaƙaƙa miya da mirin, wani ruwan shinkafa mai barasa kusan kashi 14 cikin ɗari, tare da giyar shinkafa da suke kira sake. Mutanen Sin kuma suna jiƙa nama da giyar Shaoxing. Miyar teriyaki ta asali da su ake haɗa ta, kuma ƙwan nan mai launin ƙasa da ake rabawa biyu a ɗora a kan ramen galibi a cikin ruwan waken suya da mirin yake kwana. Idan ka tambaya za a iya ce maka ai wuta tana ƙone barasar, amma binciken da aka wallafa a Amurka a 1992 ya nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 nata yana nan, sai an kai awa biyu da rabi yake sauka zuwa kashi 5, alhali suyar kasko ba ta wuce 'yan mintuna. Baƙin ruwan waken suya da ake tsimawa shi ma yana da 'yar barasa da ke fitowa daga tsimin kansa ba tare da an zuba ba. Hukuncin wannan na malamai ne, ka kai musu bayanin yadda yake, kuma akwai nau'o'insa masu shaidar halal a kasuwa.

Na uku man suya ne, kuma maganarsa gajeriya ce: shago mai tebura goma yawanci tukunyar suya ɗaya ko biyu gare shi, don haka idan akwai alade a jerin abincin ka tambaya ko a mai ɗaya ake soya shi da kaza.

Akwai kuma abin da bai kamata ya tsorata ka ba, ko da hancinka ya yi ƙorafi. Warin da ke tashi idan an jefa miya a kasko mai zafi na ruwan kifi ne, wanda ake samu ta hanyar tsima ƙananan kifaye da gishiri na tsawon watanni, ko na niƙaƙƙen jatan lande da aka tsima, wanda Malesiyawa ke kira belacan. Aikin daddawa suke yi a tukunya, kuma wanda ya tashi da miyar kuka bai kamata ya yi wa warin wani dariya ba. Ɗanɗanon da suke bayarwa shi ne wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano sinadarinsa a 1908, daga nan aka samo Ajinomoto, farin magin da ke kasuwanninmu. A mazhabar Malikiyya dabbobin ruwa halal ne, don haka laksa, wato taliya a cikin romon madarar kwakwa da jatan lande, ba ta da matsala ta wannan fuskar matuƙar ka tantance romonta.

Idan ni ne a kujerarka, da ɓangaren Malesiya da Indunusiya zan fara, domin girkin ƙasashen da Musulmi suka fi yawa ne, asalinsa bai dogara da alade ko giya ba, kuma harshenka zai gane shi. Satay ɗan'uwan tsire ne, an jiƙa naman da kurkum da tafarnuwa an gasa a tsinke, sai dai gyadar tana zuwa a matsayin miya mai zaƙi a gefe maimakon garin ƙuli-ƙuli. Mi goreng soyayyiyar taliya ce, kuma Indomie da ka sani tun kana yaro daga Indunusiya ta samo asali. Tofu awara ce. Pad thai ma zaɓi ne mai kyau, taliyar shinkafa da tsamiya da ƙwai da dakakkiyar gyada da ɓarin lemun tsami a gefe, ana soya wa kowa nasa nan take, abin da ke ba ka damar cewa a sa wannan a bar wancan. Abincin da aka yi wa alamar waɗanda ba sa cin komai na dabba yana raba ka da alade da kitsensa, amma ba ya raba ka da mirin.

Dokar ƙasar tana taimaka maka ta wani ɓangare. Tun watan Disamba na 2014 wajibi ne gidan abinci ya ba da bayani kan abubuwa 14 da jikin wasu mutane ba ya karɓa, cikinsu har da gyada, riɗi, waken suya, kifi, jatan lande, ƙwai da alkama, waɗanda su ne ginshiƙan wannan girki. Idan jikinka yana bori da ɗayansu ka faɗa kafin ka zaɓi abinci. Alade da giya ba sa cikin goma sha huɗun, shi ya sa sai ka buɗe baki. Makin tsafta da hukuma ke ba gidajen abinci daga 0 zuwa 5 ne, kuma a Ingila ba dole ba ne a liƙa shi a ƙofa, amma kana iya duba shi a shafin hukumar kula da ingancin abinci. Takardar halal ta HMC ko HFA, ƙungiyoyin da ke tantance halal a Birtaniya, kuma ka karanta ka ga ta shagon ce gaba ɗaya ko ta mai kawo musu kaza ce kawai.

Ka koma da misalin ƙarfe uku na rana, lokacin da cunkoson abincin rana ya lafa, ka roƙi a tambayo maka kuku, domin mai kawo abinci sau da yawa ɗalibi ne irinka da bai taɓa leƙa tukunyar ba. Shagon da abincinsa bai wuce kala goma sha biyu ba ya fi ba ni natsuwa a kan mai kala sittin, wanda da wuya a ce ba daga robobin miyar kanti da firiza yake ɗibowa ba. Idan aka kawo taliya ka ci da zafinta kafin ta sha ruwa ta yi laushi, kuma idan tsinkayen nan biyu sun ƙi zama a hannunka ka nemi cokali, domin mutanen Tailan kansu da cokali da cokali mai yatsu suke cin yawancin abincinsu.