Tambaya da Amsa: Hedifon na uku, wanne zan ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Sennheiser HD 600 da Beyerdynamic DT 770 Pro, yanzu kuma ina son in ƙara na uku. Hankalina ya rabu tsakanin Audeze LCD-X, wanda kowa ke yabon zurfin bes ɗinsa, wato sautin nan mai kauri irin na babbar ganga, da Meze 99 Classics, wanda gaskiya katakonsa ne ya ɗauke min hankali. Ina sa tabarau, kuma nakan daɗe ina sauraro da dare. Wanne za ka zaɓa min?

Daga wani mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tabarau da doguwar sauraro da ka ambata a ƙarshe, su ne za su yanke hukunci, ba bes ko katako ba.

Mu fara da LCD-X. Ba irin lasifikar da ke cikin naka guda biyu yake amfani da ita ba. Wata siririyar leda ce aka shimfiɗa a tsakanin layukan maganaɗisu, tana motsi gaba ɗayanta lokaci guda, shi ya sa bes ɗinsa ke sauka ƙasa sosai ba tare da ya cakuɗe da muryar mawaƙi ba. Masu yabonsa ba ƙarya suke ba. Amma maganaɗisu ƙarfe ne, ƙarfe kuwa nauyi gare shi. LCD-X ya haura giram 600, HD 600 ɗinka kuma kusan 260 ne. A minti goma na farko ba za ka ji komai ba sai daɗi. Bayan awa ɗaya ne tsakar kai za ta fara zafi, wuya ya sage, ka tsinci kanka kana ɗaga shi da hannu kana gyarawa. Na san masu tara hedifon da suka saye shi da murna, yau yana rataye ƙura na hawa, kullum hannunsu kan tsoho mara nauyi yake komawa.

Meze kuwa, na yarda, kyakkyawa ne. Kamfanin ƙasar Romaniya ne, katakon itacen walnut, wato gyadar Turawa, ne na gaske, kuma da kusoshi aka haɗa shi ba da gam ba, don haka duk abin da ya lalace ana iya sauya shi. Nauyinsa bai wuce na HD 600 ba, om 32 ne kawai (om shi ne ma'aunin turjiyar hedifon ga lantarki), ko waya ma za ta iya da shi. Matsalarka biyu ce. Rufaffe ne, wato bayan lasifikarsa a toshe yake, kana kuma da rufaffe, wato DT 770. Sannan rufaffen hedifon sai matashin kunnensa ya manne da fata yake riƙe bes. Hannun tabarau na buɗe 'yar kafa a gefen kunne, bes ya sulale ta nan. Matashin nasa na fatar roba ne, ga gumi idan zama ya yi tsawo.

Ba na raina kyau, kar ka fahimce ni ba daidai ba. Mai tarawa yana kallon kayansa a kan marataya, yana jin daɗi. Sai dai idan yana kanka, kowa ke ganinsa ban da kai.

Da ni ne, irin fasahar LCD-X zan nema a jiki mara nauyi, kamar HiFiMan Sundara da bai kai giram 400 ba. Ka samu sabon ɗanɗano, wuyanka ya huta.

Kafin nan ma, duba matasan HD 600 ɗin. Tun 1997 ake ƙera shi, ana kuma samun kayan gyaransa. Idan soson ya kwanta, lasifika na matsowa kusa da kunne, sautin ya dushe, mutum ya ɗauka ya gaji da hedifon ne alhali matashi ne ya tsufa. HD 600 kuma om 300 ne, yana son amfilifaya mai ƙarfi, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi.

In ka samu damar gwaji, sa tabaranka, ɗauki waƙar da ka haddace, ka zauna awa guda cur. Ka daidaita ƙarar duka biyun, domin kunne yakan ɗauki wanda ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi.