Gonata tana gindin dutse, ina zan kafa garka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gonar gado a karkarar Damagaram Takaya, a gindin duwatsu. Daga sama fako ne da tsakuwa, tsakiya jigawa, can ƙasa kuma kwari mai baƙar laka inda ruwa ke kwanciya da damina. In rani ya yi, wani farin gari yakan fito a kan lakar. Ina so in kafa garkar albasa, shu (kabeji) da tumatir. 'Yan'uwa sun ce in yi a kwarin tunda baƙar ƙasa ce. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Shawarar 'yan'uwanka tana da tushe, domin laka ta fi rairayi riƙe ruwa da taki. Amma farin garin da ka ambata ya tsaya mini a rai, don alamar kanwa ce ko gishiri, kuma ba na so ka zuba kuɗinka a wurin kafin ka tabbatar.

Ga yadda abin yake. Ruwan damina yana gangarowa daga dutse da gishirin da ya narkar, ya taru a kwarin da ba shi da mafita. Rana ta shanye ruwan, gishirin ya zauna, shekara bayan shekara. Haka kanwa ke taruwa a kwarurrukan yankin Gure. Ita kanwa tana toshe laka: da ruwa ta yi santsi ta ƙi tsotsewa, da fari ta daskare ta tsage. Albasa da karoti su ne suka fi kasa jurewa, sai ka ga bakin ganye ya ƙone alhali fangalin a jiƙe yake. Tumatir da shu sun ɗan fi haƙuri, dabino kuwa ya fi su duka, shi ya sa yake tsayawa a bakin irin waɗannan wurare. Ɗanɗana garin a harshe. Sannan ka cika kwano biyu, ɗaya da lakar kwari ɗaya da ƙasar jigawa, ka shuka wake a kowanne, ka riƙa ba su ruwa iri ɗaya. Cikin mako biyu waken zai faɗa maka gaskiya. In kanwa ce, kada ka kuskura ka zuba toka a wurin, ƙara cutar take yi.

Inda nake ba ka shawara shi ne gaɓar da jigawa ke sauka ta haɗu da kwari, sama kaɗan da iyakar farin garin. A can rairayi ya gauraya da 'yar laka. Jiƙa ƙasar ka murza a tafin hannu: in ta dunƙule amma ta karye da ka ja ta kamar igiya, ita ce ake nema. Aibin jigawarmu yunwa ce. Ruɓaɓɓen abin da ke ciyar da ƙasa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sinadarin fosfor ma ya yi ƙaranci, ruwa kuma yana zurarewa da sauri. Maganin shi ne takin gida da ya ruɓe sosai, kilo 2 zuwa 3 a kowace murabba'in mita, a cuɗa shi da ƙasa kafin dashe. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana jawo gara. Takin zamani na 15-15-15 a riƙa sa shi kaɗan-kaɗan, don in ka zuba da yawa lokaci guda ban ruwa zai wanke shi zuwa inda saiwa ba ta kai.

Sai maganar ruwa, wadda a ƙasar Damagaram ita ce ke yanke hukunci. Daga birnin Damagaram zuwa duwatsun Muniyo, dutse ne mai tauri ke shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa, ruwa ba ya samun mazauni sai a tsagoginsa da cikin yashin kwari. Dalilin ke nan da birnin kansa yake jawo ruwan sha daga nesa, daga Gogo da Macaya da Arunguza. Masu garka a Korama, wajen Matamai da Magarya, ruwa yana kusa da su cikin yashi, har rake suke nomawa. Kai ba haka wurinka yake ba, don haka kada ka auna kanka da su. Kayan garka suna shan lita 5 zuwa 8 a murabba'in mita kowace rana. Garka mai mita 10 a kan 10 tana neman lita 500 zuwa 800 kullum. Ka kwashe rijiyarka da safe, ka ga nawa ta mayar kafin la'asar, kuma ka tambayi dattawan garin yadda take kasancewa a watan Maris. Da abin da rijiyar ke bayarwa za ka yanka faɗin garka. Ruwan ma ka ɗanɗana shi, in yana da zartsi to gishiri kake ɗaukowa kana zubawa a fangali.

Fakon da ke sama kada ka bar shi haka, domin daga can ruwa ke ɗauko gudu ya share maka taki. Jera duwatsu a gicciye, ka tona ramukan tare ruwa, wato rabin wata da tassa, ka sa taki a ramukan. Ruwan da ya nutse a can yakan taimaka wa rijiyarka. Gawon da ya tsiro da kansa ka rage masa rassa ka raine shi, kamar yadda manoman Mirya da Magarya suka yi har gonakinsu suka farfaɗo.

Ka yi rainon iri a Oktoba, ka dasa a Nuwamba, don tumatir ya yi 'ya'ya kafin zafin bazara ya fara zubar masa da fure. Albasa ka nemi 'yar Galmi. Ka kewaye garkar da darnin kara ta gabas da arewa saboda iskar hunturu, ka dasa zogale a jikin darnin. Bana ka fara da fangali kaɗan, ka kuma kai ƙasar kwarin wurin malamin gona na gundumarku ya duba ta, ko ya aika da ita ɗakin gwajin ƙasa na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, a Yamai.